Manyan gudumomin ƙira: sunayensu a Turanci da Polanci, tambayoyi da amsoshi

Ɗalibin injiniya da ke karatu a ƙasar Polan, da mai fassara takardun masana'anta, da ɗan kasuwar da ke neman tsohon injin ƙira daga Turai, duk sukan yi tuntuɓe a wuri guda. Ƙamus yakan ba su kalma ɗaya, alhali injinan da kalmar ke nufi sun kai goma. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi tasowa.

Wace irin guduma ake magana a kai?

Ba masabar da maƙeri ke ɗagawa da hannu ba. Ana maganar gudumar da ƙarfin mutum ba ya iya ɗaga ta, sai dai ruwa, ko tururi, ko iska, ko lantarki. Aikinta bai bambanta da na masaba ba: a sa ƙarfen da ya yi ja a wuta a kan uwar maƙera, a yi ta duka har ya miƙe ko ya ɗauki siffar da ake so. Bambancin yana wajen mai ɗagawa, kuma daga nan ne kusan duk sunayen suka samo asali. Wanda ya gane abin da ke ɗaga gudumar da kuma inda yake kama ta, ya riga ya ci rabin fassarar.

Ƙamus ya ba ni *młot* da *młotek* a matsayin *hammer*. Wanne zan ɗauka?

Turanci na da kalma ɗaya, Polanci na da biyu. *Młotek* ita ce ƙaramar hamar kafinta ta buga ƙusa. *Młot* ita ce babba, tun daga ta hannu biyu wadda Turawan Ingila ke kira *sledgehammer* har zuwa injin da ya fi gida tsawo. A duk abin da ya shafi injin ƙira, *młot* za ka rubuta. Jam'inta *młoty*.

Shin *trip hammer* da *helve hammer* da *tilt hammer* abu ɗaya ne?

A bakin mutane, sau da yawa ana musanya su. A wurin masu tarihin ƙira kuwa akwai tsari.

*Trip hammer* shi ne sunan dangin gaba ɗaya: duk gudumar da wani haƙori ke ɗagawa sannan ya sake ta ta faɗo da nauyinta. Yadda abin yake shi ne, ruwan rafi na juya wani babban wili na katako, wilin na juya wani gungume mai kauri, a jikin gungumen kuma an kafa haƙoran ƙarfe. Duk haƙorin da ya zagayo sai ya ɗaga gudumar, ya zame, ta faɗo, na bayansa ya sake ɗauka. Mutanen Sin sun yi amfani da wannan dabara wajen surfen hatsi tun zamanin daular Han, kusan shekara dubu biyu da suka wuce, kuma a Turai an riƙa dukan ƙarfe da ita tun wajen ƙarni na 12.

*Helve* tsohuwar kalma ce da ke nufin ƙota, irin ta gatari ko fartanya. Saboda haka *helve hammer* guduma ce mai ƙota, sai dai ƙotar tata gungumen itace ne sukutum, an ɗaure shi da zobban ƙarfe don kada ya tsage, kuma yana lilo a kan madogara guda. Daga nan Turawan Ingila suka kasa ta uku, gwargwadon inda haƙorin ke taɓa ƙotar, suka kuma ba wuraren sunayen gaɓoɓin dabba. Idan haƙorin na ɗaga ta daga tsakiya, wato tsakanin madogara da kan gudumar, sai su ce *belly helve*, ta ciki ke nan. Idan daga can gaba yake ɗaga ta, gaba da kan, sai su ce *nose helve*, ta hanci. Idan kuwa madogarar tana tsaka-tsaki, haƙorin kuma yana danna ƙarshen ƙotar ƙasa don kan ya tashi, kamar yadda danna hannu ɗaya na sikeli ke ɗaga ɗayan, to wannan ita ce *tail helve*, ta wutsiya, kuma ita ce ainihin *tilt hammer*.

Ta wutsiya ta fi sauran sauƙin kai da saurin duka, don haka ita ake so wajen miƙe siririn ƙarfe da baje bakin lauje ko shebur kafin zafi ya tafi. Ta ciki da ta hanci sun fi nauyi da jinkiri, aikinsu dunƙule ɗanyen ƙarfe da ƙera manyan kaya.

To yaya Polanci ya kira waɗannan ukun?

Nan ne wurin da fassarar kalma da kalma ke kai mutum ga ɓata. Turanci ya dubi wurin da ake taɓa gudumar, Polanci kuwa ya fi duban abin da haƙorin ke yi mata.

Ta wutsiya ita ce *młot naciskowy*, daga *naciskać*, dannawa, domin danna ta ake yi. Ta ciki ita ce *młot podrzutowy*, daga *podrzucać*, cilla abu sama, domin haƙorin daga ƙasa yake zuwa ya wurga ta sama. Ta ukun ce kaɗai harsunan biyu suka kusa haɗuwa a kanta: *młot czołowy*, daga *czoło*, goshi. Bature ya ga hanci, mutumin Polan ya ga goshi, amma dai duka a fuska suke. Sunan da ya haɗa su a littattafan injiniya shi ne *młot dźwigniowy*, daga *dźwignia*, sandar da ake ɗaga kaya da ita a kan madogara. Idan kuwa maganar gidan tarihi ake yi ko yawon buɗe ido, ba a wahalar da kai, *młot wodny* kawai ake cewa, gudumar ruwa.

Jamusanci na taimakawa ƙwarai idan an rikice, domin yana da ukun a bayyane: *Schwanzhammer* ta wutsiya, *Aufwerfhammer* ta cillawa sama, *Stirnhammer* ta goshi. Dubi biyun ƙarshe, za ka ga daidai suke da na Polanci, ma'ana da ma'ana. Ba abin mamaki ba ne. Mahaƙa da maƙeran Jamus sun daɗe suna aiki a yankunan Polan, sannan daga 1795 zuwa 1918 ƙasar a rabe take tsakanin Rasha da Furushiya da Ostiriya, biyu daga cikin ukun nan masu Jamusanci ne. Shawarata ga mai fassara ita ce ya nemi hoto ko zanen injin tukuna, ya ga inda haƙorin ke bugawa, kafin ya buɗe ƙamus.

Na ga *tilting* a wata takarda kan ƙarfen birnin Shefild na Ingila. Karkatar da ƙarfe ake nufi?

A'a. A Turancin yau da kullum *tilt* karkata ce, amma a bakin maƙeran Shefild *tilting* sunan sana'a ne: sarrafa ƙarfe a ƙarƙashin gudumar wutsiya. Mai yin aikin *tilter* ne, ƙarfen da ya fito *tilted steel*, ita kanta maƙerar ma *tilt* suke ce mata.

Dalilin sana'ar ya cancanci bayani. Kafin zuwan hanyoyin zamani, idan ana son ƙarfe mai kaifi sai a jera sandunan baƙin ƙarfe cikin gawayi a akwatunan dutse, a liƙe, a bar su cikin wuta kamar mako guda. Sinadarin gawayin ya shiga ƙarfen, amma ba daidai-wa-daida ba: waje ya sha da yawa, ciki kaɗan, jikin sandar kuma duk ya yi bororo, shi ya sa ake kiransa *blister steel*. Sai a kakkarya sandunan, a ɗaure su dami, a mayar wuta, a kai ƙarƙashin guduma a haɗe su su zama sanda ɗaya. Abin da ya fito shi ne *shear steel*, wanda da shi aka yi wuƙaƙen da suka ɗaga sunan birnin. Ko bayan Benjamin Huntsman ya fito da narka ƙarfe a tukwanen yumɓu a shekarun 1740, dunƙulen da aka zuba sai an kai shi wurin *tilter* ya miƙe shi.

A Polanci, fassarar da ta fi aminci ita ce a faɗi aikin a fili, a ce *kucie*, wato ƙira, a ƙarƙashin *młot naciskowy*. Wanda ya ɗauko kalmar karkata daga ƙamus ya saka, ya rubuta abin da babu maƙerin da zai gane.

Mene ne bambancin *kuźnia* da *kuźnica* da *hamernia*? Duka *forge* ne?

Turanci na amfani da *forge* ga murhun maƙeri, ga ɗakin, ga masana'anta, har ga aikin kansa. Polanci ya rarrabe. *Kuźnia* maƙera ce, ƙarama ko babba, ta jiya ko ta yau. *Kuźnica* tsohuwar ma'aikata ce ta bakin rafi, inda ake fitar da ƙarfe daga tama a kuma dake shi da gudumar ruwa. *Hamernia* daga Jamusanci take, ma'aikatar guduma ce da ke baje ƙarfe ko jan ƙarfe, Turanci kan ce *hammer mill*. Maƙeri *kowal* ne, uwar maƙera *kowadło*.

Kalmomin sun zauna a taswira. Garuruwa da ƙauyuka da dama a Polan sunansu Kuźnica, kuma unguwar Kuźnice ta garin Zakopane, inda masu hawan duwatsun Tatra ke tashi, daga tsohuwar ma'aikatar ƙarfe ta samo suna. Kowalski, wanda shi ne sunan zuriya na biyu a yawa a ƙasar bayan Nowak, daga *kowal* yake. Wanda ke da unguwar Maƙera a garinsu ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Me ya sa tun farko aka buƙaci guduma mai wannan girma?

Saboda tsohon murhun narka tama ba ya narkar da ƙarfen ya zama ruwa. Abin da ke fitowa dunƙule ne mai ramuka, cike da datti, irin wanda masu narka tama a ƙasar Hausa su ma suka riƙa fitarwa daga murhun yumɓu kafin ƙarfen Turai ya cika kasuwa. Sunansa *bloom* a Turanci, murhun kuma *bloomery*, a Polanci *dymarka*. Ba ya amfanuwa sai an dake shi da zafinsa, dattin ya fita, ramukan su haɗe. Da hannu, ƙaramin dunƙule kawai ake iya yi. Da aka sa ruwa ya riƙa zuga wuta, dunƙulen ya ƙara girma, hannu ya gaza, sai aka sa ruwan ya ɗauki gudumar ma.

Daga baya da aka koma dogon murhu mai narkar da ƙarfe sarai, *blast furnace* ko *wielki piec*, buƙatar ba ta gushe ba. Ƙarfen da ke fitowa daga can mai gautsi ne, sai an sake dafa shi a wani murhun, *finery* a Turanci, *fryszerka* a Polanci, a kuma dake shi da gudumar ciki.

Me ya kawo ƙarshen zamanin gudumar wutsiya?

Aibinta a jikinta yake. Iyakar tashin kanta a ƙayyade yake. Idan ka sa mata ƙaramin ƙarfe, tana da tazarar faɗowa, ta yi duka mai ƙarfi. Idan ka sa mata ƙaton ƙarfe, shi kansa ya cinye tazarar, sai dukan ya zama taɓawa. Wato inda aka fi buƙatar ƙarfinta, nan take gazawa. Ga shi kuma a lanƙwashe take saukowa, don haka fuskarta ba ta zama daidai a kan abu mai kauri.

Wannan matsala ta fito fili a 1839, lokacin da ake gina jirgin ruwan nan Great Britain aka rasa maƙerar da za ta iya ƙera ƙaton shaf ɗin da aka tsara masa, wato sandar ƙarfen da za ta juya wilolin tuƙa jirgin. James Nasmyth, injiniya ɗan Sikotilan mai masana'anta a Patricroft kusa da Manchesta, ya zana guduma wadda tururi ke ɗaga ta a miƙe cikin silinda, ta faɗo a miƙe. Ba a ƙera shaf ɗin ba ma a ƙarshe, domin an sauya wa jirgin tsari aka sa masa farfela. A Faransa kuwa François Bourdon na kamfanin Schneider a Le Creusot ya gina irinta a 1840, kuma da Nasmyth ya ziyarci wurin a 1842 ya tarar da ita tana aiki, sai ya koma gida ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirarsa a shekarar. Wanda ya riga wani a cikinsu, har yau Ingila da Faransa kowa da nasa labarin.

Sunanta *steam hammer*, a Polanci *młot parowy*, daga *para*, tururi. Abin da ya burge mutanen zamanin ba ƙarfinta kaɗai ba ne, har da ladabinta: mai riƙe da sandar bawul na iya sa ta fasa ƙwai a cikin kofin gilas ba tare da kofin ya fashe ba, sannan ya saki duka da ke girgiza ginin. Sai aka shiga gasar girma. Kamfanin Krupp na Jamus ya kafa tasa mai tan 50 a Essen a 1861, ana kiranta Fritz. Le Creusot ta kafa mai tan 100 a 1877, wadda yanzu take tsaye a dandalin garin. Bayan haka injin matsa mai aiki da ruwa, *hydraulic press* ko *prasa hydrauliczna*, ya karɓe manyan ayyuka, domin matsawa a hankali na ratsa tsakiyar ƙaton ƙarfe fiye da duka.

*Drop hammer* fa, da *power hammer*?

*Drop hammer* ita ce wadda ake jan kanta sama a sake shi ya faɗo tsakanin ginshiƙai biyu, *młot spadowy* ke nan, daga *spadać*, faɗowa. Idan da allon katako ake jan ta, wanda nadi biyu ke matsewa su tura sama, Turanci ya ce *board drop hammer*, Polanci *młot deskowy*, daga *deska*, allo. Idan da bel ne, *młot pasowy*. Akwai kuma wadda kai biyu ke tahowa su haɗu a tsakiya, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, *counterblow hammer* ko *młot przeciwbieżny*, wadda amfaninta shi ne ba ta jijjiga ƙasa sosai.

Mafi yawan aikin irin waɗannan shi ne buga ƙarfe cikin tubalan ƙarfe guda biyu da aka sassaƙa siffar kayan a jikinsu. Tubalin *die* ne a Turanci, *matryca* a Polanci, aikin kuma *closed-die forging* ko *kucie matrycowe*. Sifanar da ke akwatin bakanike da karanshaf ɗin mota mai kyau ta wannan hanya suka fito, kuma rubutun *drop forged* da ke jikin sifana abin da yake faɗi ke nan. Idan babu siffa, fuskokin a baje suke maƙeri na juya ƙarfen da awartaki, wannan *open-die forging* ne, *kucie swobodne*, ƙira mai 'yanci.

*Power hammer* kuwa suna ne mai faɗi ga gudumar ƙaramar maƙera mai aiki da moto. Polanci ba ya son faɗin nan, sai ka tantance. Mai sifirin irin na bayan mota *młot resorowy* ce, mai kwamfuresa a jikinta *młot sprężarkowy*. Ta ƙafa, wadda maƙeran sarƙa da ƙusa na yankin Black Country a Ingila ke takawa, *oliver* suke kiranta.

Na nemi *pneumatic hammer* da Polanci a intanet, sai hotunan masu fasa kwalta suka fito. Me ya faru?

Ka rubuta *młot pneumatyczny*, wanda a bakin yawancin mutanen Polan injin fasa titi ne, *jackhammer*. Rubuta *młot sprężarkowy*, ko ka ƙara *kuźniczy*, na ƙira, a bayan *młot*.

Ina so in sayi tsohuwar guduma daga Polan. Waɗanne kalmomi zan lura da su a tallar?

Huɗu ko biyar ne, kuma kuɗi na rataye a kansu. Kan da ke duka *ram* ne ko *tup* a Turanci, *bijak* a Polanci. Girman guduma ba da nauyin injin ake faɗinsa ba, da nauyin abin da ke faɗowa ne: *falling weight*, wato *masa części spadających*. Saboda haka guduma mai kilo 150 ba kilo 150 za ka ɗora a mota ba, injin gaba ɗaya tan-tan ne. *Energia uderzenia* ƙarfin duka ne, ana auna shi da kilojul; don ka samu ma'auni a ka, tan ɗaya da ya faɗo daga tsawon mita ɗaya yana ba da kusan kilojul 10.

Kalmar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce *szabota*, *anvil block* a Turanci, ƙaton dunƙulen ƙarfen da ke ƙarƙashin uwar maƙera yana shanye dukan. Nauyinsa yakan ninka na kan gudumar sau goma zuwa ashirin, ko ma fiye a manyan injina, kuma a injina da yawa dabam yake da jikin injin, a binne cikin tushen siminti. Tono shi wahala ne, don haka ka tambayi mai sayarwa a fili ko yana cikin cinikin. *Z szabotą* na nufin tare da shi, *bez szaboty* babu shi. Guduma babu *szabota* ƙarfen awo ce kawai ka saya da tsada.

Wajen wuta akwai sauƙi: lantarkin Polan mai zagaye 50 ne a daƙiƙa, irin na Najeriya da Nijar da Gana, saɓanin na Amurka mai 60. Amma kusan duk irin waɗannan injina layi uku suke ci.

Yaya ake furta kalmomin?

Harafin *ł* kamar wa ta Hausa yake fita, don haka *młot* kusan "mwot" ne. *W* ta Polanci kuwa kamar *v* ta Turanci take. *Sz* daidai take da sh ɗinmu, *cz* daidai da c ɗinmu, *j* kuma y ce, saboda haka *szabota* "shabota" ne, *bijak* "biyak", *czołowy* kuma da "cowo" yake farawa. Nauyin murya kusan kullum a gaɓar kusa da ta ƙarshe yake sauka.

Akwai inda mutum zai ga waɗannan gudumomi da idonsa?

Akwai, a Ingila da Polan. A Shefild, Abbeydale Industrial Hamlet da ke bakin kogin Sheaf na riƙe da gudumomin wutsiya na 1785, waɗanda aka yi ta ƙera dogayen laujunan yankan ciyawa da su. Kusa da nan, Wortley Top Forge na da gudumomin ciki da suka ƙera sandunan ƙafafun jirgin ƙasa. A ƙauyen Sticklepath na yankin Devon akwai Finch Foundry, wadda ta yi aiki daga 1814 zuwa 1960.

A Polan, maƙerar ruwa ta Oliwa a birnin Gdansk an ambace ta a takardu tun 1597, ta kuma yi aiki har 1947. Amma cibiyar abin tana tsakiyar ƙasar, yankin Kielce, inda ake kira Staropolski Okręg Przemysłowy, tsohon yankin masana'antu. A Stara Kuźnica kusa da garin Końskie an adana *młot naciskowy* da zuga-zugin katako masu siffar akwati, duka ruwa ke juya su. A Maleniec akwai ma'aikatar da aka kafa a 1784, wadda ta yi ta fitar da shebur har 1967. A Nowa Słupia kuma duk shekara ana bikin Dymarki Świętokrzyskie, inda ake gina murhun yumɓu a narka tama a gaban jama'a yadda aka yi a wannan yanki tun zamanin daular Rum.